Kuɗin Jirgi da Zaɓin Matafiyi: Ƙasar Kebbe da Tambuwal Tsakanin Layin Dogo da Hanyar Mota, 1912–2023

Gabatarwa

Duk lokacin da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta ƙara kuɗin tikiti, akwai wata magana da ba a rasa ji a bakin jama'a da kuma shafukan jaridu, watau wai ƙarin zai kori fasinjoji su koma mota. Maganar tana da daɗin ji, kuma a ido tana kama da gaskiyar da ba ta bukatar hujja, domin kowa ya san abin da ya yi tsada masu sayensa sukan ragu. Maƙasudin wannan takarda shi ne a ɗora wannan magana bisa ma'aunin tarihi, a ga ko tana da nauyin da ake ba ta. Wurin da na zaɓa don yin wannan awo kuwa shi ne ƙasar Kebbe da Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato.

Na san a cikin mahalarta wani zai ce, ina ruwan Kebbe da kuɗin jirgi, alhali kuwa ko taku ɗaya na layin dogo ba a taɓa shimfiɗawa ba a duk faɗin Jihar Sakkwato ta yau? To, wannan ɗin shi ne dalilin zaɓen. Mutumin da tasha take bayan gidansa, kamar Bazazzagi ko mutumin Funtuwa, ba ya ganin kome a cikin tafiya sai abin da ya miƙa a tagar sayar da tikiti. Wanda yake nesa da tasha shi ne tilas ya zauna ya lissafa kome da kome: abin da zai kai shi bakin layi, da guzurin kwanakin da zai yi a hanya, da kwanan jira, da kuma abin da zai iya samunsa kafin ya isa. Lissafin na nesa shi ne cikakke, kuma da shi ya kamata a gwada maganar. Ni kaina ban taɓa ganin jirgin ƙasa da idona ba sai da karatu ya kai ni Zariya, ko da yake tun ina yaro nake jin tsofaffinmu suna ambatonsa kamar wani dangi na nesa wanda aka san sunansa amma bai taɓa zuwa gida ba.

Hanyoyin da jirgi ya tarar

Kafin zuwan Turawa wannan yanki ba lungu ba ne. Tambuwal gari ne da ke da alaƙa da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, yana kuma zaune a kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega. Jega kuwa a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, inda ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke yada zango kafin su nufi mashigan Kwara. Kebbe da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Kuchi, suna kusa da kwarin Gulbin Zamfara, suna kallon Gummi ta gabas, Jega ta yamma. Abin lura a nan shi ne, fuskar kasuwancin wannan ƙasa kudu da yamma take kallo: Yawuri, da Nufe, da ƙasar Yarbawa, da Gwanja. Jaki da takarkari da ɗan dako sun riga sun zana hanyoyin, kuma sun zana su a miƙe gwargwadon yadda ruwa da tsaro suka yarda.

Jirgin ƙasa bai bi wannan zane ba. An fara aikin layin Ikko cikin 1896, ya isa Badun cikin 1901, ya kai Jebba cikin 1909. Daga wancan ɓangare kuma Gwamnatin Arewa ta shimfiɗa nata layi daga Baro a bakin Kwara, wanda ya isa Kano cikin 1911. An haɗa hukumomin biyu cikin 1912, shekarar da manoman Kano suka ba Turawa mamaki, suka cika tasha da gyaɗa a maimakon audugar da aka yi tsammani. Lardin Sakkwato bai ga nasa rabo ba sai da aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Kauran Namoda cikin 1929. A shekarar nan ce kasuwannin duniya suka rushe, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas, kuma daga reshen Nguru da aka gama cikin 1930 ba a sake wani babban aikin sabon layi a Arewa ba sai na Barno, wanda aka fara cikin 1958 da rancen Bankin Duniya, ya isa Maiduguri cikin 1964. A lokacin Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, ɗan Lardin Sakkwato ne, amma layin gabas ya yi. Haka kuma daga 1979 zuwa 1983 Shugaban Ƙasa mutumin Shagari ne, garin da ke kan wannan hanya tamu tsakanin Sakkwato da Tambuwal, duk da haka dogo bai gusa daga Kaura ba. Ban kawo wannan don zargi ba. Na kawo shi ne don a ga cewa ba rashin manya ne ya hana layin zuwa ba. An gina shi ne don kwasar amfanin gona mai nauyi zuwa bakin teku, kuma inda masu lissafi suka ga gyaɗa da auduga sun fara ƙaranci, nan ya tsaya.

Baka da tsirkiya

A ɗauki taswira a duba. Mutumin Kebbe da yake son zuwa Ilori ko Badun a jirgi, sai ya fara juya wa inda za shi baya. Zai yi gabas ta Gummi da Anka zuwa Gusau, tafiyar da ta haura kilomita 200. A Gusau zai shiga jirgin reshe ya ƙara yin gabas maso kudu zuwa Zariya, ya sauka ya jira babban jirgi mai tasowa daga Kano, sa'an nan ya juyo yamma ta Kaduna da Minna da Zungeru kafin ya ga gadar Jebba. In an tara, ya yi wajen kilomita 900. Wanda kuwa ya fito Tambuwal ya bi Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora da Mokwa, tafiyarsa zuwa wannan gada ba ta kai kilomita 600 ba. Watau layin dogo baka ne, hanyar fatake kuwa tsirkiya ce. Ko da kuɗin kowane mil a jirgi ya fi na mota araha, mutumin Kebbe yana sayen miloli da yawa waɗanda ba ya bukata, bayan ya riga ya biya wani abin hawa, ko ya biya da ƙafarsa, kafin ya ga tarago.

Reluwe kanta ta gane wannan giɓi, shi ya sa ta sa motocinta suna zirga-zirga tsakanin bakin layi da Sakkwato, suna kawo mata kaya da mutane. Abin da wannan yake nunawa shi ne, a Lardin Sakkwato mota ba kishiyar jirgi ba ce da farko, baiwarsa ce. Manufar Turawa a zamanin ita ce hanyoyin mota su zama masu shayar da tasha, kada su yi kafaɗa da kafaɗa da layi. Amma wanda ya saba wa mutane da hawan mota tsawon kilomita 200 don su je su sami jirgi, ya koya musu wani abu da ba zai iya karɓewa ba. Ranar da hanyar Yawuri da Kwantagora ta gyaru har babbar mota ta iya binta rani da damina, baiwar ta zama uwar gida. Wani abin ban dariya ma shi ne, shekara da shekaru motocin da suke ƙwace wa Reluwe ciniki a kan gadarta ta Jebba suke ƙetare Kwara, domin gada ɗaya ce jirgi da mota suke bi.

'Yan cin rani

A nan nake son in ɗan daɗe, domin a ganina nan ne masu maganar kuɗin tikiti suke yin kuskuren farko. Suna ɗauka matafiyi yana tsaye ne tsakanin abu biyu, jirgi da mota. A tarihin wannan ƙasa tamu kuwa, babban abokin takarar jirgi a rabin farko na ƙarni na 20 ƙafa ce.

Cin rani tsohuwar al'ada ce, amma haraji na tsabar kuɗi ya ƙara mata ƙarfi. Da an gama girbi, an kai gero da dawa rumbu, samari da magidanta sukan fita, don su rage wa rumbu baki, su kuma samo sulallan da za a ba mai unguwa, da ɗan abin da za a yi tufafi ko a tara na aure. A ranin 1952 zuwa 1953 an yi wata ƙidaya a kan hanyoyin da suke fita daga Lardin Sakkwato, wadda masanin labarin ƙasa R. M. Prothero ya yi nazarinta. An ƙirga kusan rubu'in miliyan na mazaje masu fita, wasunsu daga ƙasar Faransa suka ratso, kuma mafi yawansu a ƙasa suke tafiya. Wasu sun nufi gonakin koko na ƙasar Yarbawa, wasu Gwanja da Kumasi, wasu wuraren haƙar kuza na Jos. A lura fa, wannan ya faru ne fiye da shekara ashirin bayan jirgi ya isa Gusau da Kaura.

Me ya hana su shiga jirgi? Amsar da take zuwa baki da sauri ita ce tsada, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma tsadar ba ta ƙarin sisi ko taro ba ce. Mutumin da ya bar gida saboda ba shi da tsabar kuɗi, kowane kuɗin tikiti ya fi ƙarfinsa, ko an rage ko an ƙara. Abin da yake da shi a yalwace lokaci ne, domin tsakanin kaka da saukar ruwan fari akwai wata biyar ko shida da gona ba ta nemansa. Saboda haka yakan biya da abin da yake da shi. Bugu da ƙari, tafiyar ƙasa ba asara ba ce gaba ɗaya a wurinsa: yakan tafi da 'yar hajarsa, ko tabarma ko igiya ko akuya, ya sayar a hanya, yakan tsaya wani gari ya yi kwana uku yana dako ko ginin katanga ko yankan farce, ya sami na abinci ya wuce, almajiri kuwa yana da masauki a kowane zaure. Jirgi ba ya tsayawa don a yi wannan. A wajen dawowa ne, lokacin da aljihu ya yi ɗan nauyi, ga kaya an saya, ga kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutum yake jin kuɗin abin hawa ya cancanci biya, domin a sa'an nan kwana ɗaya na shuka ya fi sule daraja. Tsofaffin da na zanta da su a ƙasarmu haka suke ba da labari: tafiya a ƙasa, dawowa a mota.

Babbar mota ta ci wannan kasuwa ne saboda ta fi jirgi kama da jaki. Tana tsayawa inda aka ɗaga mata hannu. Ana ciniki da yaron mota ko ɗan kamasho, a rage wa wanda ya yi magiya, a ɗauki wani bashi in direba ya san ubansa, a ɗora mutum a kan buhuna da rabin kuɗi. Tikitin Reluwe kuwa bugagge ne, akawu ba shi da ikon rage anini. Duk wanda ya san yadda talakan ƙasar Hausa yake sayen abu ya san farashin da ake iya tayawa ya fi masa sauƙi a rai bisa ga farashin da aka kafe, ko da na kafen ya fi ƙanƙanta.

Inda kuɗi ya yi aiki

Kada a ɗauka ina cewa farashi ba ya motsa kome. Akwai wurare biyu da ya yi aiki a fili, kuma yana da kyau a ga abin da ya bambanta su da Kebbe.

Na farko shi ne ƙasar Yarbawa a shekarun 1930. Tsakanin Ikko da Abekuta da Badun hanyar mota da layin dogo tafe suke gefe da gefe, nisansu kusan ɗaya, saboda haka ɗan bambancin kuɗi ya isa ya juya mai koko ko fasinja daga wannan zuwa wancan. Masu manyan motoci suka karya farashi, Reluwe ta ji a jikinta, ta rage nata kuɗi a inda gasar ta yi zafi. Da abin bai isa ba, Gwamnati ta shiga don ta kare dukiyarta, ta ɗora lasin ninki biyu a kan motocin da suke bin hanyoyin da ke gasa da layi. Wannan ne ya jawo yajin aikin masu motocin sufuri na 1937, wanda Obafemi Awolowo, tun bai zama lauya ba, yana cikin masu shirya shi. A nan kam farashi makami ne, domin duk sauran abubuwa sun yi kunnen doki.

Na biyu daga maƙwabtanmu ne na arewa. Gyaɗar ƙasar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin tashoshin Nijeriya zuwa Ikko, domin nan ne kusa. Cikin 1953 Faransawa suka kafa wani shiri da suka kira Hirondelle, watau tsattsewa, inda suka tallafa wa kuɗin ɗaukar kaya a mota zuwa Paraku, daga can jirgin Dahome ya kai Kwatano, don hanyar tasu mai nisa ta iya gasa da ta Ingilishi. Wani kaso na kayan ya juya. Amma buhun gyaɗa ba ya jin yunwa a tasha, ba ya tsoron dare, ba shi da ranar suna ko jana'izar da yake son ya riska. Kaya suna bin farashi fiye da yadda mutum yake binsa. Har su kayan ma suna da iyaka: dalar gyaɗa ta Kano, wadda muke alfahari da hotonta, a wani ɓangare shaida ce ta gazawar Reluwe, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba ta da isassun kawunan jirgi da taragu da za su kwashe amfanin shekara kafin na wata shekara ya iso.

Shekarun da fasinja ya gudu

In da ƙarin kuɗi ne yake korar fasinja, da sai mu tarar babban gudun ya zo daidai da babban ƙari. Ba haka tarihi ya nuna ba. Cikin 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1955, ta ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Cikin 1974 fasinjojin sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kayan kuma sun dawo wajen tan miliyan 1. A tsawon waɗannan shekaru da waɗanda suka biyo baya jirgi bai daina zama abin hawa mafi araha ba ga mai doguwar tafiya. Hukumar ba ta da ikon ƙara kuɗi yadda ta ga dama sai da yardar Gwamnati, Gwamnati kuwa ba ta son abin da zai tayar da hankalin jama'a.

Abin da ya faru a tsakani sananne ne. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin gabas, ya raba kawunan jirgi masu aiki da tururi da kwal ɗin Inugu, ya kuma tarwatsa ƙwararrun ma'aikata da yawa waɗanda rikicin 1966 ya kora daga tashoshin Arewa. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 suka kashe kayan da aka gina reshen Kaura dominsu. Layin kansa ɗaya ne tilo, siriri, mai faɗin ƙafa uku da rabi, mai yawan kwana, in jirgi ɗaya ya lalace a daji duk na bayansa da na gabansa sai su tsaya. Tafiyar Kano zuwa Ikko da aka tsara a kan kwana ɗaya da 'yan sa'o'i ta zama abin da ba mai iya cewa ga ranar isa. Ga mutumin da zai canja jirgi a Zariya kuwa abin ya ninka, domin lattin wannan yakan sa ya rasa wancan.

A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur suka shigo, kuma kusan duk abin da Gwamnati ta yi a fannin sufuri mota ya taimaka. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya ba hanyoyin mota kaso mafi tsoka na kuɗin sufuri. Ƙarin albashin Udoji na 1974 da bashin sayen mota suka sa malamin makaranta da akawu suka fara tunanin abin hawa na kansu. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, kuma ba da jimawa ba Peugeot 504 ta zama sarauniyar tashoshin mota, wadda take tashi Sakkwato da asuba ta kwana Ikko ko kusa da ita. Sa'an nan ga mai: tun 1973 aka daidaita farashinsa a duk ƙasa, watau mai saye a Tambuwal da mai saye a bakin matata kuɗi ɗaya suke biya, lita tana wajen kwabo 15 cikin 1978, ta zama kwabo 20 cikin 1982. Wannan tallafi ne da kowane fasinjan mota yake ci ba tare da ya ga an rubuta shi a jikin wani tikiti ba. Saboda haka in ana neman farashin da ya juya mutane zuwa hanya, a dubi na fetur da aka danne kafin a dubi na jirgi da aka ƙara.

Ra'ayina ma shi ne, arahar jirgin tana cikin abubuwan da suka kashe shi. Hukumar da kuɗin shigarta bai isa ya sayi kayan gyara ba, tilas jiragenta su riƙa lalacewa. In sun lalace mai hali ya gudu. In ya gudu sai a rage da wanda ba shi da zaɓi, wanda kuma ba a iya ƙara masa kuɗi. An kawo kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suka sake kwantawa bayan tafiyarsu. An ba Samuel Ogbemudia riƙonta cikin 1989, an kuma kawo 'yan Sin cikin 1995. Duk da haka cikin 2003 fasinjojin ƙasar baki ɗaya ba su kai miliyan 2 ba. Ba Nijeriya kaɗai ta ga irin wannan ba, domin a Ingila ma rahoton Beeching na 1963 ya sa an rufe ƙananan rassa masu yawa bayan mota ta kwashe musu mutane; bambancin shi ne can an rufe su da takarda, nan kuwa an bar su ciyawa ta rufe.

Gwajin Abuja da Kaduna

Zamaninmu ya ba mu wani gwaji da masu tarihi ba kasafai suke samun irinsa ba. Cikin Yuli 2016 aka buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna, kilomita 186, kusa da babbar hanyar mota mai nisa kusan ɗaya. Wannan shi ne irin yanayin Ikko da Badun na 1930, inda ya kamata farashi ya yi hukunci. Cikin Yuli 2020, da aka dawo da jirgin bayan kullen annobar korona, aka ninka kuɗin, kujerar gama-gari ta koma naira 3,000, bisa hujjar cewa za a rage yawan mutane a tarago. Mutane suka yi ƙorafi, amma ba su koma hanya ba. Tikiti ya ci gaba da wuyar samu, 'yan bayan fage suna sayar da shi sama da kuɗinsa, har aka shigo da sayarwa ta intanet a farkon 2021. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: masu satar mutane sun addabi hanyar motar, har manyan da suke da motoci na alfarma suna ajiye su a tasha su shiga jirgi.

Ran 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin hari kusa da Katari, aka kashe mutane, aka tafi da fiye da sittin daji, waɗanda na ƙarshensu ba su fito ba sai cikin Oktoba. An dakatar da jirgin, kuma alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fasinjojin jiragen ƙasa sun ragu da fiye da rabi a watanni ukun da suka biyo baya. Da aka dawo ran 5 ga Disamba 2022 an sake ƙara kuɗi, gama-gari ya zama naira 3,600. Ninkin 2020 bai iya yin abin da dare ɗaya na 2022 ya yi ba. Sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta, tazarar da ke tsakanin kuɗin jirgi da na mota ta sake sauyawa ba tare da Reluwe ta taɓa tikitinta ba.

Sai dai a yi hattara wajen ɗaukar darasin wannan layi a kai shi ko'ina. Fasinjan Rigasa da Idu galibi ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa ko ɗan siyasa, mutumin da naira dubu ɗaya ko biyu ba za ta hana shi tafiya ba, kuma shi ne kaɗai a cikin wannan labari wanda za a ce yana zaɓe tsakanin jirgi da tuƙa motarsa. Jikan ɗan cin rani na Kebbe ba ya cikin wannan aji. In kuɗin abin hawa ya fi ƙarfinsa, ba motar kansa yake komawa ba, domin ba shi da ita. Yakan sauka ne mataki ɗaya, daga kujerar ƙaramar mota zuwa bayan a-kori-kura, daga nan zuwa saman tirelar da ta ɗauko shanu ko albasa za ta Kurmi, ko kuma ya fasa tafiyar. Irin wannan ragi ba ya fitowa a littafin Reluwe, ba ya kuma fitowa a na 'yan kamasho. Inda yakan fito shi ne a labarin haɗarin da aka ce tirela ta kife da mutane a kan kaya tsakanin Yawuri da Mokwa.

Game da sababbin ayyuka kuwa, layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa cikin Fabrairu 2021 an zana shi ne ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, bai leƙo Sakkwato ba. Abin da aka ƙaddamar a wannan jiha, a Illela cikin Oktoba 2024, babbar hanyar mota ce zuwa Badagiri, wadda aka fara zancenta tun zamanin Shagari, kuma ta nufi kudu ta ƙasar Kabi da Neja, kusan inda fatake suka bi. Tsohuwar hanyar zuwa tasha kuwa, watau Gummi da Anka zuwa Gusau, ta ratsa yankin da 'yan bindiga suka fi addaba tun daga shekarun 2010, har direbobi da yawa suka gwammace su yi zagaye ta Sakkwato da Talatar Mafara, su ƙara wa fasinja kuɗin man zagayen.